Ƙofar da aka sa wa kwaɗo: daga Savar zuwa Sharaɗa

Assalamu alaikum Edita. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka. Ka ba ni fili a jaridarmu in faɗi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, tun kafin ranar ma'aikata ta zo a cika shafuka da hotunan fareti.

Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne. A 1980 na shiga wata masaƙa a Kakuri ta Kaduna ina saurayi. Da sharar ƙurar auduga a ƙarƙashin injuna na fara, daga baya aka ba ni injin saƙa na riƙe, har ta kai abokan aikina sun zaɓe ni wakilin ƙungiya a sashenmu. Wanda bai ga Kakuri a wancan zamanin ba, da wuya ya yarda da labarinta. In jiniya ta kaɗa za a canja aiki, kekuna ne ke cika titi har mota ta rasa hanya, masu tuwo da masu ƙosai na jere a bakin get. A ɗakin saƙa ƙarar injuna ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai, sai da hannu da motsin baki muke magana, Bahaushe da Baju da Tibi da Igala da Bayarabe duk mun iya wannan yaren. Har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai. Shekara ashirin da 'yan kai na yi a wurin, sai wata safiya muka zo muka tarar da get a rufe. Kuɗin sallamarmu bai fito duka ba har yau, kuma waɗanda na bi gawarsu zuwa makwanci suna cikin jiran wannan haƙƙi sun fi ƙarfin yatsun hannuna. Allah ya jiƙansu. Yanzu gwanjo nake sayarwa a Kasuwar Barci, da shi na aurar da 'ya'yana mata biyu.

Zan faɗa maka wani abu da na riƙe a zuciya shekaru. Duk sanda na kwance dila na ɗaga riga na duba ƙyallen da ke wuyanta, na ga an rubuta Bangaladash ko Sin ko Biyetnam, sai in ji raina ya ɓaci. In ce a zuciyata, ga mutanen da suka cinye mana abinci, sun yarda a biya su abin da bai taka kara ya karya ba, shi ya sa aka rufe mana masaƙu. Na san cewa rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri da lalacewar noman auduga su suka kashe mu, domin a gabana aka yi. Amma mai jin yunwa yana neman wanda zai ɗora wa laifi, kuma na nesa ya fi sauƙin zagi.

Ranar Laraba 24 ga Afrilu, 2013, ina rumfa rediyo na kusa da ni, na ji an ce wani bene ya rufta kan ma'aikatan ɗinki a garin Savar, kusa da Dhaka babban birnin Bangaladash. Sunan ginin Rana Plaza, hawa takwas, akwai masana'antun ɗinki guda biyar a ciki. Kwanakin da suka biyo baya adadin mamata ya yi ta hawa, ɗari biyu, ɗari huɗu, ɗari bakwai, har ya tsaya a 1,134. Waɗanda suka ji rauni kusan 2,500. Akasarinsu mata ne, 'yan mata da zawarawa da masu goyo da suka baro ƙauyukansu. Akwai waɗanda sai da aka yanke musu hannu ko ƙafa a cikin ɓaraguzan kafin a iya zaro su. Wata mai suna Reshma kwana 17 ta yi a ƙarƙashin ginin aka fito da ita da rai.

Adadin ya girgiza ni, amma abin da ya hana ni barci shi ne labarin ranar Talata, jajibirin abin. A ranar ginin ya tsage, tsagar da kowa ya gani da idonsa, har aka fitar da mutane. Injiniya ya zo ya duba ya ce akwai haɗari. Bankin da ke ƙasa ya rufe ya sallami ma'aikatansa, masu shaguna suka kulle suka tafi. Mai ginin, Sohel Rana, ya fito ya ce ai filasta ce kawai ta tsage. Da gari ya waye ma'aikatan ɗinki suka taru a waje suna tsoron shiga, aka ce musu duk wanda bai shiga ba a bakin albashinsa na wata. Mafi ƙarancin albashinsu a lokacin taka 3,000 ne, kusan dala 38. Ga kuɗin haya na jira, ga yara. Suka shiga. Gab da ƙarfe 9 na safe wuta ta ɗauke, aka tayar da manyan janaretocin da aka girke a saman benen, ginin ya ɗau rawa, ya zube. An ƙara masa hawa-hawan sama ba tare da izini ba, kuma tun asali ba don ɗaukar injuna aka gina shi ba.

Edita, ma'aikacin banki da mai ɗinki tsaga ɗaya suka gani a bango ɗaya. Ɗaya ya koma gida, ɗaya ta shiga ta mutu. Ba ta fi shi rashin hankali ba, ta san abin da ta gani. Abin da ba ta da shi shi ne wanda zai tsaya bayanta in ta ce ba za ta shiga ba. A cikin masana'antun nan biyar babu ko ɗaya da ke da ƙungiyar ma'aikata.

Na san wannan tsayuwar a bakin ƙofa, domin na taɓa yin ta. Wani dare cikin hunturu, wajen tsakiyar shekarun 1980, tartsatsi ya fito daga motar wani inji ya kama ƙurar audugar da ta taru a sama. Wanda ya san ƙurar auduga ya san ba ta jira, kamar fetur take. Muka ruga ƙofar baya mu kusan arba'in, muka tarar an ɗaure ta da sarƙa an sa kwaɗo, wai saboda ana satar yadi ta nan. Allah ya sa wasu daga cikinmu suka yi ta maza suka kashe wutar da bokitan yashi da tukwanen kashe gobara, ba a rasa rai ba. Amma minti uku ɗin da na yi ina jijjiga sarƙar nan, hayaƙi na shiga maƙogwarona, wani dattijo a bayana yana salati, ba su bar ni ba har yau. Washegari muka shigo muka tsaya kowa a gaban injinsa, hannu a harɗe, ba wanda ya kunna. Foman ya zo ya yi barazana, ya ce zai rubuta sunaye. Na ce masa ranka ya daɗe, ka fara da nawa, amma ba za mu tayar da inji ba sai an cire sarƙa. Gabana na faɗuwa na faɗi haka, domin matata na da tsohon ciki a lokacin. Sashen kaɗi suka ji suka tsaya, sashen rini suka tsaya, shugaban reshenmu ya zo ya shiga ofishin manaja. Kafin azahar an cire sarƙar, an sa maigadi a ƙofar. Ba a kori kowa ba. Ba mu fi matan Savar jarunta ba. Katin ƙungiya ne a aljihunmu, kuma manaja ya san in ya taɓa mutum ɗaya, masaƙun Kakuri gaba ɗaya za su ji.

Tun daga ranar na daina ganin ƙyallen wuyan riga kamar yadda nake gani da. Wadda ta ɗinka rigar nan 'yar'uwata ce a sana'a. Abin da ya kore ni daga aiki shi ya tura ta cikin tsagaggen gini, wato neman inda gumin mutum ya fi araha.

Ba Rana Plaza ce ta farko ba. Wata biyar kafin ita, 24 ga Nuwamba, 2012, gobara ta kashe aƙalla mutum 112 a masana'antar Tazreen a ƙasar dai. A watan Satumba na 2012 ɗin fiye da 250 sun ƙone a wata masana'antar ɗinki a Karaci ta Pakistan, tagogi da ƙarafa, ƙofofi a rufe. Kai tun 1911 aka yi irinta a birnin New York, mutum 146, su ma ƙofa a kulle don kada a saci ƙyalle. Dalili ɗaya ake bayarwa shekara ɗari, irin wanda aka ba mu a Kakuri.

Abin da nake so matasan ƙungiyoyinmu su sani shi ne abin da ya biyo baya, domin a nan ne zumuncin ma'aikata ya nuna amfaninsa. Manyan kamfanonin tufafi na Turai da Amurka da ke ba da kwangilar ɗinkin sun saba da cewa ba ruwansu, su saye kawai suke yi. Ƙungiyoyin Bangaladash su kaɗai ba za su iya tanƙwara su ba. Sai manyan haɗaɗɗun ƙungiyoyi biyu na duniya suka shigo. Ɗaya IndustriALL, wadda a lokacin take wakiltar ma'aikatan masana'antu kusan miliyan 50 a ƙasashe 140, wadda ƙungiyarmu ta masaƙu da ɗinki ta Najeriya ma tana cikinta. Ɗayar UNI, wadda 'ya'yanta su ne masu tsayuwa a kantunan da ake sayar da rigunan a Landan da Madrid da sauransu. Mai ɗinka riga da mai sayar da ita suka haɗa kai, kamfani ya rasa ta inda zai zille. Cikin mako uku, a tsakiyar watan Mayu 2013, aka sa hannu kan yarjejeniyar kare gine-gine da gobara. H&M da masu Zara da Primark suka sa hannu, daga baya kamfanonin suka haura 200, ta shafi masana'antu fiye da 1,600 da ma'aikata kusan miliyan 2. Walmart da Gap na Amurka sun ƙi, suka kafa nasu tsarin dabam.

Mun sha ganin takardun alkawari, mu da muka zauna teburin sulhu, don haka abin da na fara tambaya shi ne ko tana da haƙori. Tana da shi. Injiniyoyi masu zaman kansu ne ke shiga su duba gini da wayoyin wuta da hanyoyin fita, a wallafa rahoton kowa ya gani. Masana'antar da ta ƙi gyara, dole kamfanonin su daina ba ta aiki. Ma'aikaci na da 'yancin ƙin shiga wurin da ya ga haɗari ba tare da an taɓa albashinsa ba, abin da da matan nan suna da shi ranar Laraba da sun koma gida. Kuma in kamfani ya saɓa, ƙungiya na iya kai shi gaban masu yanke hukunci. An kuwa kai. A farkon 2018 wani babban kamfani ya amince ya biya dala miliyan 2.3 don gyaran masana'antun da ke masa ɗinki, bayan ƙungiyoyin sun shigar da ƙara a birnin Hague na ƙasar Holan. Diyyar mamata da masu rauni ma sai da aka yi shekara biyu ana matsa lamba kafin asusun ya cika dala miliyan 30 a 2015. Yanzu an faɗaɗa yarjejeniyar zuwa Pakistan.

Ban ce an gama ba. A ƙarshen 2023 ma'aikatan ɗinkin suka nemi a mayar da mafi ƙarancin albashi taka 23,000 a wata, aka ba su 12,500, kuma an rasa rayuka a zanga-zangar. A watan Yuni na 2023 ɗin aka yi wa wani jami'in ƙungiya, Shahidul Islam, duka har ya mutu bayan ya je neman albashin ma'aikata da aka riƙe. A 2021 gobara ta kashe fiye da mutum 50 a wata masana'antar kayan sha da ke wajen Dhaka, da yara a cikinsu, an ce ƙofar fita a kulle take. Ita yarjejeniyar ba ta shafe ta ba, tunda ba ɗinki take yi wa Turawa ba. Inda hannun ƙungiya ya kai an cire kwaɗo, inda bai kai ba yana nan.

Akwai masu cewa wannan zumuncin na ƙasa da ƙasa harkar manya ce, ta masu hawa jirgi zuwa taro. Ina da amsa ɗaya gare su. A watan Yuli 1984, a wani kanti a birnin Dablin na ƙasar Ailan, wata yarinya mai karɓar kuɗi, Mary Manning, 'yar shekara 21, ta ƙi karɓar kuɗin wani irin lemu da aka kawo daga Afirka ta Kudu, saboda ƙungiyarsu ta umarci 'ya'yanta kada su taɓa kayan gwamnatin wariyar launin fata. Aka dakatar da ita. Abokan aikinta kusan goma suka bi ta waje. Sun ɗauka abin kwana biyu ne, sai ga shi sun kusa shekara uku a bakin kanti cikin sanyi da ruwa, har gwamnatin ƙasar ta hana shigo da kayan gona daga Afirka ta Kudu a 1987. Da Mandela ya fito daga kurkuku ya je Dablin a 1990, ya gana da su. Yaran kanti ne, ba su da dangi a Soweto. A 2008 kuma ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Durban a Afirka ta Kudu suka ƙi sauke makaman da wani jirgin Sin ya ɗauko wa gwamnatin Mugabe ta Zimbabwe ana tsakiyar rikicin zaɓe, jirgin ya bar tashar da kayansa. Duk ƙananan ma'aikata ne suka yi waɗannan, da hannunsu da albashinsu.

To mu fa? Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A watan Satumba 2002 gobara ta cinye gomman ma'aikatan dare a wata masana'antar roba a Ikorodu, waɗanda suka tsira suka ce an kulle su ne a ciki. A watan Yuni 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Kano, an tsare su a ciki kusan wata uku suna aiki ba a barin su zuwa gida. A Kanonmu, ba a Dhaka ba. Ɗan ƙanwata yana aiki a wani kamfanin leda, awa goma sha biyu a tsaye, ba takardar ɗauka, ba safar hannu, ɗan kwangila ne ke biyansa a hannu duk mako. Abokin aikinsa inji ya cinye masa yatsu uku, aka ba shi abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba aka ce ya je ya huta. Da na ce wa yaron akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, ya ce, "Kawu, wa zai kai ni? In na yi magana gobe akwai mutum hamsin a bakin get." Maganar da matan Savar suka yi wa kansu kenan kafin su hau bene.

A nan nake da ƙorafi kan 'yan'uwana na ƙungiya, kuma a matsayin ɗan gida nake yin sa, wanda aka yanki kuɗin ƙungiya a albashinsa fiye da shekara ashirin bai taɓa jin ciwo ba. Mun iya faɗan mafi ƙarancin albashi. Ina cikin waɗanda suka yi yajin aikin gama-gari na watan Mayu 1981 ƙarƙashin Hassan Sunmonu, wanda ya haifar da naira 125, kuma na ji daɗi da aka kai naira 70,000 a 2024 ko da yake kasuwa ta riga ta cinye ta. Amma wannan faɗan ya fi amfanar mai takardar ɗauka. Yaron da ke kamfanin leda a Sharaɗa ko Chalawa ko Bompai, unguwannin masana'antu na Kano, da yarinyar da ke ɗura ruwa a leda, da leburan da ke hawa bene da kwanon kankare a ka, ba su san ƙungiya ba, ita ma ba ta san su ba. Ranar ma'aikata da gwamnatin Abubakar Rimi ta fara ba da hutunta a Kano a 1980, kafin tarayya ta bi a 1981, asalinta jinin ma'aikatan Chicago ne da suka nemi aikin awa takwas a 1886. Yau muna ɗinka anko mu yi fareti, alhali masu aikin awa goma sha biyu suna can cikin kamfani a ranar, ba su ma san ana hutu ba. Kuɗin ankon shekara ɗaya zai ɗauki matasa masu shiga lungu su yi wa waɗannan yaran rajista. Haka aka yi mana. Wani dattijo ne ya tare ni a wurin mai shayi a bakin get, sati na biyu da fara aikina, ya zaunar da ni ya karanta min haƙƙina ɗaya bayan ɗaya.

Kuma tunda ƙungiyoyinmu na zaune a inuwa ɗaya da waɗanda suka ƙwato yarjejeniyar Bangaladash, me zai hana su nemo yadda aka yi? Kamfanoni da yawa a nan reshe ne na wasu a waje, ko suna sayar wa na waje. Fatar da ake jemewa a Kano Turai take zuwa a yi takalma da jakunkuna, kuma masu ɗinka su a can suna da ƙungiya. Ta wannan igiyar ake jan kamfani. A 2022 Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta sa lafiya da tsaron rai a wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin da ke kan kowace ƙasa memba, mu ma a ciki. Takardar tana nan, mai ɗaukar ta ya kai bakin get ake nema.

Kai ma Edita ina da roƙo gare ka. Labarin ma'aikata a jaridunmu sai an shiga yajin aiki ko an mutu. Ka ware mana ko rabin shafi ne a mako, da Hausa, a riƙa bayyana wa lebura abin da doka ta ba shi, a riƙa kawo labarin takwarorinsa na wasu ƙasashe, ya san ba shi kaɗai ba ne. Sannan ka tura wakilinka unguwannin masana'antu, amma kada ya je da rana ta ofishin manaja. Ya je bayan sha biyun dare, ya zagaya ta baya, ya duba ƙofar fita ya ga ko a buɗe take ko da sarƙa. In ta Kaduna zai fara, ya same ni a kasuwa, zan rufe rumfa in raka shi, na san hanyoyin.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin masaƙa,
Kakuri, Kaduna.